ƊALIBAN ILMIN SIYASA SU NEMI KOYON AIKI A ƘOFAR GIDA



Ɗalibin ilmin siyasa da ya tashi a Agege ko Sabon Ibadan yakan zaci sai a Abuja ake koyon aikin mulki. Shirin SIWES na 1973, mai tura ɗalibai koyon aiki, ya fi karkata ga masu karatun injiniya da kimiyya, saboda haka tilas shi ya nemar wa kansa gurbi.

Gurbin kuwa yana kusa. Bisa tsarin mulki Jihar Legas tana da ƙananan hukumomi 20, Oyo 33, kowace da majalisar kansiloli da ofishin hukumar zaɓe. Ya karɓi takarda daga shugaban sashensu, ya kai wa sakataren ƙaramar hukuma lokacin dogon hutu, Sarkin Hausawa ya yi masa jagora.

A can zai ga yadda ake tsara kasafin kuɗi, da yanka harajin kasuwa, da raba rumfuna. Ran da aka tashi tada kasuwa, jama'ar da ba ta da ɗa masanin waɗannan hanyoyi ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Lalle da ɗan gari akan ci gari, yaron da aka haifa a Agege kuwa ɗan gari ne.