Haƙoran Yara da Abin da Ke Ɓata Su Tun Ba Su Fito Ba

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Rano da Kibiya

Wannan jawabi a kan haƙoran yara yake. A Nariya da sauran garuruwan yankin nan, kamar ko'ina, akan ga yaro ya yi famfara, sababbin haƙora su fito da fararen ɗigo kamar alli, ko tabo ruwan ƙasa, ko ramuka jere a layi ɗaya. Iyaye sukan ce rashin asuwaki ne, ko zaƙi. Sau da yawa kuwa ba haka abin yake ba.

Kowane haƙori yana da wani farin ɓawo a bayansa, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. Wannan ɓawo sau ɗaya ake gina shi, a ɓoye cikin dasashi, in ya lalace kuma ba ya tofowa. Na haƙoran nono, su 20, tun yaro yana ciki ake fara gininsa, wajen wata na huɗu. Turamen farko na girma kuwa, masu fitowa a shekara 6, wajen lokacin haihuwa suke soma ƙanƙarewa. Watau tabon da aka gani a bakin ɗan shekara 7 labari ne na abin da ya same shi yana goye. Haƙori kamar littafin malamin Hakimi ne: abin da aka shigar a ciki yana nan, ko an manta.

Abubuwan da ke katse wannan gini sanannu ne. Akwai rashin abinci mai gina jiki ga mai ciki, da haihuwar bakwaini. Akwai tamowa, musamman a lokacin yaye, da ƙyanda, da zazzaɓi mai zafi, da zawo mai daɗewa. Akwai kuma kafson nan tetarasaikilin, wanda ke rina haƙori daga ciki, shi ya sa likitoci suka hana ba da shi ga mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba.

Ruwan sha ma yana da nasa. Wani sinadari da ake kira fuloraid, kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa sai ya ɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an soma shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985, wadda fuloraid ɗinta ya ninka wannan ma'auni fiye da sau uku. Aka yi shekaru ana sha. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka tanƙware, kafin a daina amfani da ita. Ruwan kuwa garau yake a ido. Sai awo ke nuna shi.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su tsaya a kan masu ciki su je awo, a shayar da jariri nono zalla wata 6, a kai shi allurar ƙyanda a wata 9. Duk sabuwar rijiyar burtsatse a nemi a auna ruwanta. In malami ya ga yaran unguwa ɗaya da yawa da tabo iri ɗaya, lalle ya rubuta sunan unguwar da rijiyar da suke sha, ya aika wa ma'aikatan lafiya. Yaron da haƙorinsa ya riga ya taɓu kuwa, a kai shi Babban Asibitin Rano tun bai ruɓe ba, gama irin wannan haƙori ya fi saurin cin tsutsa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya, amin.