Karatu a Dambai, hatimi a Tamale: wa ke da iko da takardar ɗanka?

 

Akwai tambayar da iyaye ke yawan yi. Mutum ya sayar da bijimi ko ya taɓa jarinsa, ya kai yaro kwalejin horon malamai ta Dambai, yaro ya yi shekara huɗu bai taɓa zama aji a Tamale ba, amma ranar da takarda ta fito sai a ga sunan jami'ar Tamale da hatiminta a sama. To, an yi masa coge ne? A'a, Alhaji, kwantar da hankalinka, haka tsarin yake. Sai dai yana da kyau ka san yadda aka raba iko a ciki, don ranar da matsala ta taso ka san ƙofar da za ka buga.

Ku tuna yadda fatake suka yi cinikin goro a Salaga. Baƙo ya zo da kayansa, wayonsa ne, ribarsa ce, amma ba ya saye ko sayarwa sai ta hannun maigidan da ya sauke shi, domin maigida ne kasuwa ta sani, shi ke tsaya masa. To jami'a ita ce maigida, kwaleji kuwa baƙon da ake tsaya wa. Ko a karatun zaure haka abin yake. Almajirin da ya yi karatu gun Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ana karɓar iliminsa ne saboda an san wanda ya ba shi izini.

A da, makarantun horon malamai difloma suke bayarwa, jami'ar Cape Coast ce ke shirya musu jarrabawa. A 2012 aka yi dokar da ta ɗaga su zuwa manyan makarantu. A 2018 kuma aka koma digiri na shekara huɗu, aka rarraba kwalejojin gwamnati 46 ga jami'o'i biyar: ta Legon, ta Kumasi, ta Cape Coast, ta Winneba da UDS ta Tamale. Dambai da St. Vincent ta Yendi suka faɗa hannun UDS. Idan ɗanka yana Gbewaa ta Pusiga ko E.P. ta Bimbilla, tambayi shugaban makarantar wace jami'a ce maigidansu, kada ka ɗauka kowa na Tamale ne don kawai muna arewa.

Me ke hannun kwaleji? Tana da majalisarta da shugabanta. Ita ke ɗaukar ɗalibai bisa sharuɗɗan da aka gindaya mata, ita ke koyarwa kullum, ita ke kula da ɗakin kwana da abinci da ladabtarwa, ita ke tura yara koyon aiki a makarantun ƙauye, kuma malamanta ke ba da makin ayyukan cikin zango. Idan ƙorafinka a kan waɗannan ne, ba sai ka shiga motar Tamale ba.

Amma abin da za a karanta, da ma'aunin babbar jarrabawa, da amincewa da sakamako, da sa hannu a digiri, duk na jami'a ne. Shi ya sa wani lokaci yaro zai ce maka sun gama jarrabawa tuni amma sakamako shiru. Kafin ka ce ƙarya yake yi, ka sani sakamakon sai ya je can an duba, an zauna a kansa, sannan ya dawo. Albashin malamai kuwa, da alawus ɗin ɗalibai da aka dawo da shi a 2017, wannan na gwamnati ne. Ranar da malamai suka tafi yajin aiki, shugaban kwaleji ba shi da maganinsa, jami'a ma haka.

A ganina tsarin yana da amfani, don yana sa takardar ɗan Yendi ta yi nauyi ɗaya da ta ɗan Kumasi. Amma yana da tsada ta wani wajen, kuma mu ne muke biya. Ga misali. Ana koyar da Dagbani da Gonja a makarantun gwamnati, amma Hausa da Fulfulde ba sa cikin harsunan da aka ware, alhali da su ake ciniki daga Bawku har Kete Krachi. Ko da shugaban kwaleji ya ga buƙatar horar da malaman da za su shiga ruga su koyar da yara da harshen da suke ji, ba shi da ikon buɗe wannan fanni shi kaɗai. Sai jami'a ta yarda, sai hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta tantance. Saboda haka in shugabannin zango da ardo-ardo suna son a yi, kuka a gaban kwaleji kaɗai ba zai isa ba, sai an kai shi inda ake yanke magana.

Kada kuma a ɗauka zama ƙarƙashin wata jami'a ƙasƙanci ne. Legon ɗin da kuke ji, da aka buɗe ta a 1948, digirin jami'ar Landan take bayarwa har 1961. Cape Coast ta fara a 1962 ƙarƙashin Legon, ta tsaya da ƙafarta a 1971. Winneba ta yi zaman Cape Coast kafin ta samu nata a 2004. A Najeriya ma kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano reshen jami'ar Ahmadu Bello ce kafin ta zama jami'a a 1977. Rassan UDS na Wa da Navrongo su ma sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Maraƙi ne ke bin uwa har ya isa yaye.

Inda hatsarin yake shi ne makarantun kuɗi masu zaman kansu. Dokar Gana ta ce irin wannan kwaleji ba ta ba da digiri da sunanta sai ta samu takardar 'yanci daga shugaban ƙasa. Kafin nan dole ta jingina da wata jami'a. Wasu suna da rajista ta gaskiya, wasu kuwa allo ne kawai da fenti. Hajiya, kafin ki ƙirga sidi ko ɗaya, tambayi abu biyu: wace jami'a ce za ta sa hannu a takardar, kuma shin GTEC ta amince da ainihin fannin da yarinyar za ta karanta? Ana iya amincewa da makaranta amma ba a amince da wani fanni a cikinta ba, nan mutane da yawa ke zamewa. A nuna miki a rubuce, ki kai wa wanda ya iya karatu ya duba a shafin hukumar na intanet.

Ku da ke tsallakawa Togo ko Burkina, in yaro ya yi karatu can yana son aikin gwamnati a Gana, sai an kai takardarsa GTEC an auna ta da ta gida. Sannan digiri kaɗai ba ya sa mutum a aji: sai ya samu lasisi daga hukumar malamai ta ƙasa, wadda ta fara jarrabawar lasisi a 2018. Masu karatun jinya da ungozoma a Kpembe ko nan Kete Krachi su ma suna da tasu jarrabawar lasisin. A ware kuɗinta tun yanzu, kada ta zo lokacin da shanu suka rame.