Jawabi Bisa Tsofaffin Hotunan Gine-ginen Ƙananan Garuruwa

 

Masu shirya wannan taro sun ce in yi magana bisa hotunan nan da aka jera a bangon zaure. Da na ji haka na ce musu ai ni ba mai ɗaukar hoto ba ne, ban kuwa taɓa ɗora tubali bisa tubali ba. Aikina duk na alƙalami ne, tun ran da na kama aiki a ofishin En'e cikin 1965 har aka kawar da tsarin cikin 1976, aka kafa ƙananan hukumomi. Suka ce tun da daga adakar mahaifina hotunan suka fito, ba wanda ya kamata ya tsaya gabansu sai ni. Na ga ba ni da mafita, na yarda.

Mahaifina malamin ayyuka ne. Shi ke rubuta azara nawa aka saya, magina nawa suka fito, sule nawa aka biya. Saboda haka ya yi zama da injiniyoyin Turawa da yawa, in ɗayansu zai koma Ingila ya kan bar masa tarkacen da ba ya son ɗauka, har da hotuna da katin gaisuwa masu hoto. Da ya rasu muka buɗe adakar muka sami guda 63. A cikinsu 19 kaɗai ke da rubutu a baya. Sauran 44 bebaye ne, ga gini ana gani sarai, amma ba mai faɗa maka na wane gari ne, balle wanda ya gina shi. Bisa wannan bebantaka na ke so in yi magana, amma bari mu fara da masu baki.

Ku dubi na farko daga hannun dama. Wannan Zungeru ce, wadda iyayenmu ke kira Dungurum, a bakin kogin Kaduna. Yaran yanzu ba su san ta da kome ba sai madatsar ruwan lantarki, da kuma cewa can aka haifi Azikiwe cikin 1904. Amma cikin 1902 Gwamna Lugga ya taso daga Jebba ya kafa hedkwatarsa a nan, kuma ita ce babban birnin Arewa sa'ad da aka gama Kudu da Arewa cikin 1914. Ba a daɗe ba bayan wannan aka kwashe aka koma Kaduna. A hoton kuna ganin gidan Gwamna da rufinsa da barandarsa. Wanda ya je can yau kango zai tarar, da ginshiƙai tsaye cikin ciyawa. 'Yar gadar ƙarfen da aka kafa a garin cikin 1904 ita ma kwance ta aka yi aka kai Kaduna, tana nan a lambun Ƙofar Gamji. Kan ƙaramin jirgin ƙasan da ya yi jigila tsakanin Zungeru da Barijuko kuwa yana ajiye a Minna. Watau garin an raba gadonsa tun yana da rai, in mutum yana so ya gan shi yadda ya ke a haɗe, sai a takarda irin wannan.

Wani zai ce, yaya aka yi na san shekarun wannan hoto? Katin gaisuwa ne, da kan sarki manne a bayansa. Kan Sarki Edward na 7 ne, wanda ya yi sarautar Ingila daga 1901 zuwa 1910, an kuma buga sunan Nijeriya ta Arewa a jikinsa, irin da aka bar bugawa bayan gamewar 1914. Da haka a ke bin sawun hoto. A duba kan sarki in akwai, a duba ko da wayar tangaraho, ko rufin kwano, ko hanyar jirgi, gama jirgin ƙasa bai isa Kano ba sai 1911. A duba har irin hular ɗan doka da ɗinkin rigar masinja. Duk wannan ya kan gaya maka zamani, amma ba ya gaya maka sunan kowa.

Na biyu majami'a ce, ta Wusasa, bayan ganuwar Zariya. Na ga waɗansu sun tsaya gabanta ɗazu suna gardama, wani ya ce masallaci ne, wani ya ce zauren wani basarake ne. Ba su yi laifi ba. Likita Mila da mutanen mishan sun zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka ba su wuri a Wusasa suka koma, aka gina wannan majami'a cikin 1929, aka sa mata sunan Bartalamawus. Da ƙasa aka gina ta, da azara, bisa fasalin ginin Hausa, domin maginin da ke wurin shi ne maginin da ya san ƙasar wurin. A wannan gari Janar Yakubu Gowon ya tashi. Abin da ke ba ni sha'awa a hoton shi ne hannun da ya saba ɗaure bakan masallaci shi ya ɗaure na majami'a, bai rage kome cikin gwanintarsa ba. Sunayen Turawan mishan duk suna cikin littattafai. A bayan hoton nan nawa kuwa ba sunan magini ko ɗaya.

Na uku shi na fi so, a nan kuwa zan ɗan daɗe, ku yi mini haƙuri. Cikin soron gidan Madaki ne a Kafin Madaki, arewa da Bauchi, aikin Babban Gwani, maginin nan da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. An ce wajen 1860 ya gina wannan gida, cikin 1956 kuma gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin da doka ta tsare. Ku matsa kusa ku dubi rufin. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in an shimfiɗa ta fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da matokari ba. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin da ya ninka haka sau uku? Sai magini ya dasa azara cikin bango ta ɗan leƙo, ya ɗaure wata bisanta ta ƙara leƙowa, haka haka daga kowane gefe har su gamu a tsaka, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa a shafe. Shi ne baka. In bakuna suka gicciye juna sai rufin ya tashi kamar an kifa ƙwarya. Babu ƙusa, babu siminti, babu takardar zane, lissafin duka yana cikin kan mutum guda da igiyar awonsa.

A gefen hagu na wannan hoto za ku ga wani abu fari-fari kamar hayaƙi. Yara sun ce aljani ne. Mutum ne. Cikin soro da duhu, dole mai hoto ya bar idon na'urarsa a buɗe har wani ɗan lokaci domin haske ya kama gilashin da a ke ɗauka a kai a zamanin. Bango ba ya motsi, sai ya fito sarai, mutumin kuwa ya gifta, sai ya bar inuwa kurum.

Mu da muka yi aikin En'e mun san abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine, ba wani asiri ba ne, yaɓe ne. Ginin ƙasa kamar doki ya ke, kullum yana son hannu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a kan ware kuɗi cikin kimar Baitulmali, Sarkin Magina ya fito da mutanensa, a gyara indararo, a toshe tsaga, a shafe rufi da laso, a yi wa bango makuba. In aka yi shekara uku ba a yi ba, ruwa ya sami hanya, azara ta jiƙe ta ruɓe, ran nan da dare sai a ji rugum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da siminti da kwano suka yawaita, aka ɗauki ginin ƙasa abin kunya, wannan layi ya fita daga takardar kima, ba wanda ya yi shela. Ban ce siminti mugun abu ba ne, ni ma a cikinsa na ke kwana. Amma da yawa cikin abin da a ke cewa ruwa ya ci, sakaci ne ya miƙa masa.

Masallacin Zariya da na ambata ya isa misali, ko da ya ke Zariya ba ƙaramin gari ba ce. Cikin shekarun 1970 aka sāke shi, aka yi sabon gini ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Allah ya sa kafin wannan wani masanin gini mutumin Folan, Dmochowski, wanda ya zo ƙasar nan cikin 1958, ya bi shi da awo da hoto lungu lungu. Da irin wannan aiki aka gina kwatancinsa a gidan tarihin gine-gine na Jos, littafinsa kuma ya fito cikin 1990 bayan rasuwarsa. Manyan birane sun sami masu yi musu haka. Ƙaramin gari fa, mai Baitulmali guda da kotun alƙali guda da masallaci guda, wa zai zo daga Turai ya auna masa?

Wannan ya kawo ni ga hoto na 12, wanda na ke jin nauyinsa. Tsohon Baitulmalin garinmu ne ran da aka gama shi, ga zankaye a kusurwoyi, ga ƙofar ƙarfe. An rushe shi cikin shekarun 1980 aka yi shaguna a wurin, ba na kuwa faɗin wanda ya sa hannu, ya riga mu gidan gaskiya. Bature na zaune bisa kujera a tsaka, mutum 14 na tsaye bayansa. A baya an rubuta sunan Baturen da muƙaminsa da Turanci, mutum 14 ɗin nan kuwa aka gama su cikin kalma guda, wai leburori. Alhali na uku daga dama, mai rawani da igiya a kafaɗa, Sarkin Magina ne, shi ya fitar da harsashin, shi ya ɗaure rufin.

Ban san haka da kaina ba. Cikin 1994 na kai hoton wurin wata gyatuma a unguwar magina, idonta ya soma rauni. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ɗora yatsa ta ce, “Wannan Baba ne.” Ta yi shiru, ta share ido da gefen mayafi. Daga nan ta shiga bin su ɗaya ɗaya, wannan ƙanen babanta ne, wannan bararsu ne da ya zo daga Katsina, wannan shi ya faɗo daga kan soron Alƙali ya karye. Ta kira 9 cikin 14 da sunansu da na ubanninsu. Ni kuwa na je ba takarda ba fensir, ni da na ci abinci da alƙalami. Na ce mata, “Inna, zan komo ran Jumma'a in rubuta.” Ta ce, “Allah ya kai mu, ɗana.” Jumma'ar nan aka yi biki, ta gaba na yi tafiya, kafin in waiwaya damina ta faɗi, aka aiko mini ta rasu. Da na zauna in tuna, suna 4 kaɗai na iya kamawa, 5 sun bi ta. Ba Bature ya ɓatar da waɗannan ba, ni ne.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo, ba kuwa na kuɗi ba ne. Kowane ɗayanmu yana da adaka ko tsohon akwati a ƙarƙashin gado. Ku buɗe cikin makon nan. Hoton da kuka samu, kada ku rataye shi inda rana ke bugu, gama haske ke cinye shi har ya koma fari. Kada ku jingina shi da bangon da ke tsatsafa, kada ku bar shi inda gara za ta kai. Kada kuma ku kai shi a manne masa roba da zafi kamar katin shaida, in an yi haka ba ya ɓamɓaruwa har abada. A sa farar takarda tsakanin kowane biyu. Rubutu a baya da fensir za a yi, a hankali, domin tawada ta kan huda ta ɓata fuskar. A rubuta gari, da unguwa, da sunan ginin, da wanda ya gina, da shekarar da ya faɗi in ya faɗi, da sunan wanda ya gaya muku. Sa'an nan jikokin nan masu waya a hannu su ɗauki hoton gaba da baya, su aika wa 'yan'uwa biyu ko uku, don in gobara ta ci na gida kada a rasa duka. Amma kada a yar da na takarda don an ɗauka a waya, na ga wayoyi da yawa sun mutu, katin Zungeru kuwa ya haura shekara 110 yana nan.

In kun sami tsoho ko tsohuwa da ta san wurin, ku tafi yau, da fensir a aljihu.

An ajiye tebur a bakin ƙofa, yara biyu na zaune da littafi. Kafin a kawo abinci ina so kowa ya bi bangon nan sannu sannu, musamman ku da kuka yi yawon haraji da ƙidayar shanu cikin gundumomi, gama kun shiga garuruwan da mu na ofis ba mu taɓa takawa ba. Ku tsaya mini a kan na 27. Ƙaramin masallaci ne mai hasumiyar ƙasa da matakala a waje, da rijiya a gabansa, da rimi biyu a bayansa, ga wani dutse mai kama da tozon sa can nesa. Shekara 30 ina nuna shi ga mutane ban sami wanda ya san garin ba. Wanda ya gane shi, ko da zato ne, ya faɗa wa yaran su rubuta, ya kuma sa sunansa a ƙasa.