Shekara da shekaru a kan tambaya ɗaya

 Yau na ajiye maganar siyasa, labarin wata ɗalibar digirin digirgir a Amurka na kawo muku. Sunanta Urmila Mahadev.

Ta yi digirin farko a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda ta yi aiki da Leonard Adleman, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977. Daga nan ta wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, hannun Farfesa Umesh Vazirani. Fanninta shi ne ɓangaren lissafi na kimiyyar kwamfuta. Su ba sa haɗa manhaja. Da biro da allo suke binciken abin da na'ura za ta iya da wanda ya fi ƙarfinta.

To wace tambaya ce ta riƙe ta? Akwai kwamfutar da ake ta ƙoƙarin ginawa, kwamfutar kwantam, wadda ake sa ran za ta warware wasu lissafe-lissafen da irin tamu ba za su taɓa gamawa ba. Idan ta ba ka amsa, ta yaya za ka san ba ƙarya ta shara maka ba? Ba ka iya maimaita lissafin da kanka. Leƙa cikinta ma ba ya fisshe ka, don da zarar an auna ƙwayoyin bayananta, yanayin da suke ciki ya rushe. Daniel Gottesman ne ya jefo tambayar a 2004, har Scott Aaronson ya sa ladan dala 25 ga wanda ya amsa ta. Dala 25 fa!

Wajen da ya fi taɓa ni ke nan. A 2017 tana shekararta ta bakwai, kuma tana da wani sakamakon da malaminta ya ga ya isa a ba ta digiri. Ta ƙi fita, don tambayar da ta dame ta ba ta amsu ba. Ni da na ƙosa in miƙa kundin digirina in huta, wallahi kunya ta kama ni.

A 2018 ta fito da hanya. Kwamfuta irin tamu za ta ɗaure ta kwantam da makullin lissafi, ta sa ta fara tsayar da magana kafin ta san tambayar da ke tafe. Wani zagayen gwaji ne kawai, wani na gaske ne, ita kuma ba ta san wanne za a jefo mata ba, don haka maguɗi zai tonu. Kun gane? Mai ƙaramin ƙarfi ne ke bin diddigin wanda ya fi shi. Mu da ke fama da masu mulki mun san daɗin wannan.

Amma da sharaɗi. Hujjar ta dogara ne kan wata matsalar lissafi da Oded Regev ya gabatar a 2005, wadda ake kyautata zaton ko kwamfutar kwantam ba ta iya fasa ta. Har yau ba a tabbatar da hakan ba.

A taron masana fannin da aka yi a Paris cikin Oktoban 2018, aikin ya ci kyautar takarda mafi inganci, ya haɗa da ta ɗalibai. Daga baya ta zama malama a Caltech. Sai mun haɗu a shiri na gaba.