Makulli Uku da Lambar Sirri Guda: Jawabi ga Ƙungiyoyin Adashin Mata na Ƙasar Argungu

Na san wasu sun baro shinkafa a fadama, wasu sun baro tukunyar turara a kan wuta, don haka ba zan riƙe ku har la'asar ba.

Ku dubi akwatin nan da ke tsakiyar tabarma. Kwaɗo nawa ne a jikinsa? Uku. Makullan kuma suna hannun mata uku, gida daban-daban, ita kuwa mai ajiyar akwati ba ta da ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi, magatakarda ta rubuta. Wannan tsari ba daga ƙasar Turawa ya faɗo mana ba. A Maradi aka fara shi a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara suka gyara adashin da muka gada, suka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu cikin Afirka har ya tsallaka teku. Dubarar kuwa ita ce: ba a bar wa mutum ɗaya amanar jama'a shi kaɗai, ko da waliyyi ne.

To, sai ga farkon 2023. Kun tuna canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200, 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairu, aka ƙara kwana goma, sababbin kuma ba a ganinsu. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kafin nan ƙungiyoyi da yawa sun kwashe abin da ke akwati a firgice sun kai banki ko wurin mai POS. Tun daga lokacin, rabin zubinmu ta waya yake shigowa. Wadda ta sayar da shinkafarta a kasuwa alat ake mata, ita ma ta ce za ta turo zubinta. Turo wa wa?

Nan ne gizo ke saƙa. Wata ƙungiya da na yi aiki da ita, ba zan faɗi ƙauyen ba, ta zuba kuɗinta cikin asusun shugabarta, don ita ce mai BVN. Dattijuwa ce mai gaskiya, ba ta taɓa cin kwabon kowa ba. Ba ta karatun boko, saboda haka ɗanta ne ke riƙe da wayar, shi ya san lambar sirri. Allah ya yi mata rasuwa ana saura wata biyu rabo. A wurin banki kuɗin nata ne, tunda sunanta ke kai, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardun kotu. A wurin magada kuwa, duk abin da ke asusun uwarsu gado ne. Ba wanda ya yi sata a labarin nan. Amma matan nan sun shiga damina ba kuɗin iri, ba kuɗin taki, sai da limami da mai gari suka sa baki, aka baje littafin zubi shafi-shafi, kafin magana ta warware. Zumuncin da ya tsage a lokacin har yau ana ɗinki.

Kun ga abin da ya faru? Kwaɗo uku sun koma lamba huɗu a kan mutum guda, mutumin kuma ko ɗan ƙungiya ba ne.

Yanzu ku waiga bakin tabarma. A kusan kowace ƙungiya akwai wata yarinya ko matashiyar matar aure da ake kira idan waya ta yi ƙara: "Ke zo ki duba muna, kuɗin sun shigo?" Ta gama sakandare, wata ma ta yi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a nan Argungu, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko tana karatun kwamfuta a jami'ar Aliero. Ita ke gane alat na gaskiya da na bogi. Ita ta san cewa banki ba ya bugo waya ya tambayi lambar sirri. Amma idan an zo yanke shawarar inda za a ajiye kuɗi, sai a ce ta tashi ta ɗebo ruwa, manya za su yi magana. Maganata a yau ita ce a ba irin wannan mace kujera cikin masu riƙe amanar ƙungiya, da baki da ƙuri'a, ba aike kawai ba.

Bari in yi bayanin kalmar nan "amintattu", don za ku riƙa jinta. Ƙungiyar adashi irin tamu, tunda muna raba riba, galibi rajistar ƙungiyar gama kai take yi a ma'aikatar jiha. Amma idan ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa gidauniya ta jin ƙai, ta marayu ce, ko ta karatun 'ya'ya mata, ko ta kai masu naƙuda asibiti, to rajistarta a hukumar CAC take, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Dokar ta ce sai an naɗa amintattu, aƙalla mutum biyu. Ana buga sunayensu a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya zama, haka mai taɓin hankali, haka wanda kotu ta kama da zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Da zarar takardar rajista ta fito, gidauniyar ta zama kamar mutum a idon doka: tana buɗe asusu da sunanta, tana mallakar fili da sunanta, kuma mutuwar shugaba ba ta taɓa dukiyar. Amintattu ba masu dukiyar ba ne, masu gadinta ne. Ba a raba musu riba, kuma duk shekara sai an kai wa hukuma bayani. Ku lura da abin da dokar ba ta ce ba: ba ta ce sai namiji ba, ba ta ce sai mai furfura ba, ba ta ce sai alhaji mai mota ba. Mu ne muka ƙara wannan da kanmu.

Manyan gidauniyoyi sun riga mu gane haka. Akwai Omobola Johnson, wadda ta karanta injiniyancin lantarki a Ingila, ta zama ministar fasahar sadarwa ta farko a ƙasar nan daga 2011 zuwa 2015. Tun kafin ta zama minista tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar WIMBIZ a Legas, mai taimakon mata su hau matakan shugabanci, kuma ita ce ta fara shugabantar amintattunta. Bayan ta sauka ta zauna a kwamitin gidauniyar duniya mai fafutukar kowa ya samu intanet. A nan gida kuma kun san Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, matar tsohon gwamnanmu, wadda ta kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji ta Medicaid. Ta zauna a kwamitin ƙungiyar duniya ta yaƙi da ciwon daji da ke Janiba, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado. Wata za ta ce, ai waɗannan manya ne, ina mu ina su? Gaskiya ne tabarmarsu ta fi tamu faɗi. Amma abin da ya sa ake kiransu kwamiti shi ne abin da nake nema wa ɗiyarku: idan an kawo magana kan na'ura, a samu mai sani a cikin ɗakin da za ta ce, tsaya, wa zai riƙe lambar, ina za a ajiye sunayen mutane, in na'urar ta lalace ina shaidarmu? Kwamitin da ba mai irin wannan tambaya, duk abin da ɗan kwangila ya ce shi ke nan, sai sa hannu.

Na san abin da ke ranku, don an sha faɗa mini. Na farko, yarinya ce, ba ta san duniya ba. Haka ne, shi ya sa ban ce a ba ta shugabanci ba, na ce a zaunar da ita kusa da ku. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, da ta shirya 'Yan Taru, dattijai ta naɗa jajis, ta ba su malfa, amma tare da 'yan mata suke tafiya ɗaukar karatu su komo ƙauye da shi. Na san a ƙasar Kanta nake ambaton Sakkwato, amma ai an yi sulhu tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan a 1934, har muka samu bikin kamun kifi a kai, sai ku yi mini afuwa.

Na biyu, za ta yi aure ta bar gari. To, ku rubuta a tsarin ƙungiya cewa kujerar ta wa'adi ce, shekara biyu ko uku, kuma duk mai riƙe da ita dole ta koya wa wasu biyu kafin ta sauka. Ko ba aure, bai kamata sani ya tsaya a kan mutum ɗaya ba.

Na uku shi ne mai nauyi: in ta fi mu sanin waya, ba za ta cuce mu ba? Tana iya yi. Ba zan yi muku ƙarya ba. Mai ilimi ma mutum ce, tana da bukata, tana da miji ko ɗan'uwa mai matsa mata. Amma yanzu ma ai wani ne ke riƙe da lambar, a waje, ba alkawari, ba shaida. Gara a shigo da sanin cikin ɗaki a sa masa kwaɗo uku irin na akwati. Asusu ya zama da sunan ƙungiya, ba da sunan kowa ba. A gaya wa banki a rubuce cewa kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Layin da alat ke shigowa ya zama na ƙungiya, wayar ta kwana cikin akwati ko a hannun wata daban, ba mai sa hannu ba. A kowane zama a karanta saƙonnin banki da ƙarfi, kamar yadda ake ƙirga kuɗi, a gwada da littafi. Duk wata uku a karɓo takardar bayanin asusu daga banki, mai hatimi. Littafin takarda kuma kada a yar da shi don an samu waya. Waya tana faɗawa ruwa a Matan Fada, littafi yana gida. Mai sanin waya ita za ta nuna muku yadda ake duk wannan, ku kuma ku sa mata ido kamar yadda take sa muku.

Maganar maigida ma ba a tsallake ta. Kujerar amintattu tana da fita: banki, ofis a Birnin Kebbi, wani lokacin kwana. Tun kafin a kira sunanta a taro, dattijai biyu su je su gaida mijinta ko mahaifinta, su faɗa masa aikin da yawan fitar. Abin da aka nemi izini a kai da mutunci ya fi daɗewa.

Yanzu ke, ƙanwata, da ke bakin tabarma, da ke nake. Kada ki ɗauka sarauta ce. Ba albashi, sai dai a mayar miki da kuɗin mota. Sunanki zai shiga takardar hukuma, in an yi ɓarna kina cikin waɗanda za a tambaya, kuma "ban sani ba" ba ta fid da wanda ya sa hannu. Don haka kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, ko da gwaggonki ce ta miƙo miki, ko da an ce mota na jira. Kada ki sa hannu a takardar cire kuɗi da ba a cike ba. Ranar da aka zo maganar ba wa ɗan'uwanki aiki ko kwangila, ki faɗa a fili cewa naki ne, ki tashi ki ba su wuri. Sunayen mata da lambobinsu da bashin da ke kansu suna cikin wayar da kike dubawa. Wannan sirri ne, ba abin hira ba ne a gidan biki, kuma ba a miƙa wa ɗan siyasar da ya zo da alkawarin tallafi. Abin da zai fi miki wuya shi ne ranar da lissafi bai daidaita ba, kuma wadda ya kamata ki tambaya ta haife ki. Ki tambaya. Ki durƙusa, ki sassauta murya, ki ce Inna a gafarce ni, amma ki tambaya a gaban kowa. Ku kuma iyaye, ranar da ta yi haka kada ku ce ta yi rashin kunya. Aikin da kuka sa ta ke nan.

Sannan ki yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Na taɓa ganin wata ta tashi a taro tana zuba Turanci, iyaye suna gyaɗa kai don kunya, aka watse ba wadda ta fahimci komai. Idan Hajiya mai makulli ba ta gane ba, ba ki gama bayani ba.

Ga abin da nake roƙo kafin zamanku na mako mai zuwa. Kowace ƙungiya ta amsa tambaya uku, magatakarda ta rubuta amsar a littafi: kuɗinmu da ba sa cikin akwati, da sunan wa suke? Mutum nawa suka san lambar sirri, kuma 'yan ƙungiya ne? In wannan mutum ya wayi gari ba shi, yaya za mu yi? Bayan haka ku kawo sunayen mata biyu daga cikinku, waɗanda suka kai shekara 18, suna da katin ɗan ƙasa, sun iya waya, kuma kun yarda da halinsu. Ku zo da su da littafin zubi ranar taron gunduma, za mu zauna mu cike takardun banki tare.

Wassalamu alaikum. Masu makulli, bismillah, ku matso a buɗe akwati.