Kafin a Tura Soja: Katsina, Maraɗi da Sunayen da Ba Mu Rubuta Ba

Laccar da aka gabatar a gaban malamai, ɗalibai da mutanen unguwa a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina

 

Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka ba jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, wa'adin mako guda ya mayar da mulki, in ya ƙi kuma har ƙarfin soja ana iya sa masa. Aka rufe iyaka. Aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana.

Duniya ba ta yi magana da murya ɗaya ba. Faransa, mai soja kusan 1,500 a Nijar a lokacin, ta mara wa ECOWAS baya. Amurka, da ke da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas a lokacin, ta yi ta jan ƙafa, ba ta ma yarda ta kira abin juyin mulki ba sai a watan Oktoba. Kwadebuwa da Senegal da Benin suka ce a shirye suke su ba da soja. Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Aljeriya ta ce sam ba ta yarda da yaƙi a bakin iyakarta ba. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar, amma ba ta sa wa yaƙin albarka ba. A cikin gida kuma, ranar 5 ga Agusta, Majalisar Dattawa ta ce wa shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu, bayan sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka je Yamai, Sarki Muhammadu Sanusi ya je, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya je. Allah Ya taƙaita, ba a harba harsashi ba.

Kowa a cikin waɗancan ƙasashe yana da lissafinsa, kuma ban ga laifin ƙasa don ta yi lissafi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, mu da muke zaune a inda wutar za ta fara ci, ba mu cikin lissafin kowa. Maraɗi ta fi Kano kusa da wurin nan da muke zaune. Jihohi bakwai na Najeriya ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Wanda ya bi hanyar Jibiya a waɗancan watanni ya ga tireloli jere a bakin Magama, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, yaran mota na dafa shinkafa a kan duwatsu uku, kayan gwari na ruɓewa a cikin buhu. Wannan fa takunkumi ne kawai. Sai a watan Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kuma kafin nan Nijar da Mali da Burkina sun riga sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS.

Ni ina cikin waɗanda suka ƙi yaƙin, kuma har gobe ina kan bakana. Sai dai ba na so ɗalibanmu su fita daga nan da tunanin cewa maganar mai sauƙi ce. Mutum ne da jama'a suka zaɓa aka kulle shi a gidansa, shekara ta zagayo ta sake zagayowa ba a kai shi gaban alƙali ba. Wannan zalunci ne, ko da wa ya yi shi. Kuma tarihi yana da hujja a hannu biyu. A 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 a kan Libiya da ƙuri'a 10. Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil suka ƙaurace. Najeriya tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu suka amince, abin da ba kasafai muke tunawa ba idan muna zagin NATO. An ce za a kare fararen hula, aka ƙare da kashe Gaddafi a watan Oktoba, rumbunan makamansa suka watse cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗi. A ɗaya hannun kuma ga Ruwanda a 1994. A can rashin shiga ne ya yi kisa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage sojojinta ana tsakiyar yanka, aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Sojojinmu sun je Laberiya a 1990, sun mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998, kuma a Gambiya a 2017 barazanar ECOWAS ce ta sa Yahya Jammeh ya kama hanya ba tare da an zubar da jini ba. Wanda ya san Libiya kaɗai zai ce kada a taɓa shiga. Wanda ya san Ruwanda kaɗai zai ce a shiga ko yaushe. Duka biyun rabin karatu suka yi.

Yanzu bari in dawo gida, domin a nan ne nake so mu daɗe.

A watan Agustan 2023 kalma ɗaya ce a bakin kowa: mu da Nijar 'yan'uwan juna ne. Gaskiya ne. Babu unguwa a birnin nan da ba ta da surukai a Maraɗi ko Tasawa ko Madarumfa. Amma idan ɗan jarida daga Legas ya tambayi matashinmu yadda aka yi zumuncin, me zai ce? Ƙalilan ne za su iya gaya masa cewa har yau Sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita, Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Wajen 1807 ne masu jihadi, cikinsu har da Malam Ummarun Dallaje, suka ci birnin nan. Gidan sarautar da aka tarar ya yi arewa, ya sha wuya, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi. Daga nan kusan duk tsawon ƙarnin yaƙi ake yi tsakanin Katsina biyu. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da haɗin gwiwar Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka faɗi a fagen daga. Ƙasar Ruma ta zama kufai saboda hare-hare da ramuwar gayya. Zamanin Ɗan Baskore mahayan Maraɗi sun hana ƙauyukan kudu barci. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, ya tarar da mafi yawan filin da ganuwa ta kewaye babu gidaje, ciniki ya koma Kano.

Saboda haka ƙofar nan da unguwarmu ta ci sunanta, da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da sauransu, ba don ado ake rufe su da dare ba. Kuma waɗanda ake rufewa dominsu a ƙarni na 19 Katsinawa ne irinmu. Mun taɓa gwada yaƙi da Maraɗi, mun san abin da ya ci. Da wannan hujja muka kai Abuja, da ta fi ƙarfin cewa kawai muna auratayya. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya bi wannan tarihi gari-gari, yana tambayar tsofaffi a ɓangarorin iyaka biyu, ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Ina roƙon malaman da ke nan su tambayi kansu ɗalibai nawa suka taɓa riƙe shi a hannu.

Ku lura da wani abu a labarin Gawakuke. Sunaye biyu na kawo, duka na sarakuna. Manoman da aka tattaro aka kai fagen, da matan da aka kama aka sayar, babu wanda ya rubuta su. Haka abin ya ci gaba da zuwan Turawa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta karkashe mutanen Birnin Ƙonni ta banka wa garin wuta. Hankalin Faransa bai tashi sosai ba sai da Voulet ya sa aka harbe wani hafsansu, Kanar Klobb, a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kaburburan Voulet da Chanoine sanannu ne a Maijirgi. Na mutanen Ƙonni fa? A Satiru kusa da Sakkwato, a 1906, Turawa uku aka kashe, kuma sunayensu na cikin littattafai. Da aka je ramuwa a watan Maris aka kashe mutum wajen 2,000, aka shafe garin. Su dai adadi ne, adadin ma na kintace.

Da a ce abin ya tsaya a zamanin Turawa, da sai mu ɗora musu laifin mu huta. Bai tsaya ba. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Wannan duniya ta ji, domin yara ne da yawa a dare ɗaya. Amma waɗanda ɓarayin daji ke kashewa uku-uku, biyar-biyar a gonakin Batsari da Safana da Faskari da Jibiya, wa ke riƙe da sunayensu? Rediyo zai ce an kashe mutum kaza, hukuma ta ce a'a ba su kai ba, a yi jana'iza, a yi sadakar uku, shi ke nan. Dubban mutanenmu sun tsallaka sun fake a jihar Maraɗi tun 2019, wato ƙasar da aka so mu kai wa yaƙi ita ke riƙe da 'yan gudun hijirarmu. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgin sojanmu ne ya saki bam a kan masu Mauludi, hukuma da kanta ta ƙirga gawa 85. A cikin garin nan akwai matan da suka baro ƙauyukansu suna raɓe a kangaye da gidajen dangi. Ka zauna da ɗaya daga cikinsu, za ta lissafa maka da yatsunta: mijinta, ƙanen mijinta, ɗanta na fari, da ranar da abin ya faru, da gonar da aka same su. Kundin yana nan a kanta. Ranar da ta koma ga Allah ya tafi da ita.

Wasu al'ummu sun ƙi yarda da haka. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza da samari a Yulin 1995 a yankin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tana karewa, an sassaƙa sunaye fiye da 8,000 a jikin dutse. Ko tunawar ma sai da ta raba kan duniya: a Mayun 2024 da aka kaɗa ƙuri'a kan ware ranar 11 ga Yuli don tunawa da su, ƙasashe 84 suka amince, 19 suka ƙi, 68 suka ƙaurace. Masu musun abin suna nan har yau, amma duk mai musu sai ya yi karo da suna da shekarar haihuwa. Mu idan aka musanta namu, da me za mu amsa?

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma ina girmama shi: wanda ya rasu addu'a yake bukata, kuma addininmu bai san gina gumaka ko ƙawata kabari ba. Ba gini nake kira a yi ba. Rubutu nake nufi, kuma rubuta sunayen mamata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman sira sun tsare sunayen shahidan Badar da na Uhudu ɗaya bayan ɗaya, da kabilar kowa. Birnin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, birnin da aka buɗe Kwalejin Katsina a cikinsa a 1922, bai kamata a ce ya rasa mai riƙe alƙalami don matattunsa ba.

Wani ɓangare na ciwon daga makaranta yake. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe fiye da shekara goma kafin gwamnati ta dawo da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani su ne samarin da suka yi ta musu a Facebook a 2023, wasu na kiran a kai yaƙi, wasu na ɗaga tutar Rasha, alhali da yawansu ba su san cewa lokacin yaƙin basasarmu, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ba, duk da Faransa ta karkata ga Biyafara. Ba laifinsu ba ne, mu ne ba mu koya musu ba. Dawo da darasin a takarda kuma bai wadatar ba matuƙar babu malamin da ya karanci fannin, kuma matuƙar taswirar da ke jikin allo ta yanke a Jibiya, sama da nan fari fat, sai ka ce babu kowa.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Mai unguwa da liman sun san duk gidan da aka sauke baƙi daga ƙauye. A samu littafi mai kauri a ajiye a hannun mutum amintacce. Ɗalibai biyu, mace da namiji, domin akwai abin da mace ba za ta gaya wa namiji ba, su je da izinin mai gida, su rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, garinsu, sana'arsa, ranar da wurin, da wanda ya shaida. Wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi, kada a matsa. Kada a rubuta zargi a kan wani da suna, wannan aikin kotu ne, kuma yana iya jawo wa mai magana bala'i. A rubuta kowa: manomi Bahaushe, makiyayi Bafulatani da 'yan sa-kai suka kashe a hanyar kasuwa ba da haƙƙinsa ba, ɗan sanda, soja, da wanda ya mutu a hannun masu garkuwa ana haɗa kuɗin fansarsa. Idan littafi ya cika a yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a unguwa, ɗaya a miƙa wa sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Malaman jami'ar da ke tare da mu kuma su nemi takwarorinsu na jami'ar Maraɗi, domin sunaye da yawa suna can, a bakin mutanenmu da suka tsallaka.

Waɗanda suke da niyyar shiga aikin su tsaya bayan an yi addu'a, mu raba layukan unguwa a tsakaninmu.