Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Yanayi a Birnin Katsina

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, malamai, iyayen yara, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

Manomin Batagarawa ko na Jibiya in ya ga gabas ta haɗe, ya san abin da ke tafe, domin yawancin ruwan daminarmu manyan hadura ne ke kawo shi daga gabas. Inda idonsa ba ya kaiwa shi ne ƙolin hadarin. Can sama da kilomita 10 sanyi ya daskarar da komai, girgijen ya koma ƙwayoyin ƙanƙara zalla. Gizagizan nan suna tare hasken rana, suna kuma riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa. Tururin ruwan da iska ke ɗebowa daga tekun kudu kuwa shi ne abincin hadarin. Duk hasashen daminar da bai auna waɗannan biyun ba, da sauransa. Shi ya sa a 2006, ƙarƙashin AMMA, shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma, jiragen binciken Faransa da Ingila suka yada zango a Yamai, ɗaya na Faransa ɗauke da na'urar da ke harba hasken leza tana auna danshin iska hawa-hawa. Daga Wagadugu kuma jirgin Rasha mai suna Geophysica ya riƙa hawa kusan kilomita 20.

Wani zai ce ai tauraron ɗan Adam ya wadatar. Tauraro daga nesa yake hange, siririn girgijen ƙanƙara kan ɓace masa, kuma sai an gwada abin da ya aiko da awon da aka yi a kusa kafin a amince da shi. Wani kuma zai ce talaka taki yake nema, ina ruwansa da ƙanƙarar sama? Maganarsa tana da nauyi. Sai dai takin da aka zuba ruwa ya ɗauke asara ne, kuma dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sai an yi musu bayani ba. Ban ce mu sayi jirgi gobe ba. Balan-balan mai ɗauke da ma'aunin zafi da danshi bai fi ƙarfinmu ba, alƙaluman da jiragen nan suka tara a samaniyar yankinmu kuwa suna nan ajiye, masu karanta su daga cikinmu ne suka yi ƙaranci.

Ku 'ya'yanmu, gurbin da hukumar nazarin yanayi ta NiMet da jami'o'inmu ke jira ku cike ke nan. Allah ya yi muku albarka.